Sakan 40 Ga Kowace Tambaya: Mu Shirya 'Ya'yanmu Domin Lissafin JAMB

A wannan karo mun ajiye zancen iri da taki a gefe, domin mu yi magana a kan wani abu da yake cinye amfanin gonar gidaje da yawa ba tare da an sa shi a lissafi ba, watau jarrabawar shiga jami'a da sauran manyan makarantu, wadda kowa ya sani da sunan JAMB.

Kowace shekara, da an gama kaka, uba yakan fitar da buhun masara ko ya kai akuya kasuwa domin ya yi wa ɗansa ko 'yarsa rajista. Ga kuɗin mota zuwa birni ranar rajista, ga na ranar jarrabawa, wani lokaci har da na kwana. Sa'an nan sakamako ya fito, maki bai kai ba, sai a ce a bari sai baɗi. Baɗi kuwa wani buhun ne. A shekarar 2025 fiye da mutum miliyan 1.9 suka zauna wannan jarrabawa, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ba kowane ɗalibi ne yake ɗaukar lissafi ba, amma wanda yake so ya karanta aikin injiniya, ko ilimin kwamfuta, ko tattalin arziki, ba shi da makawa. Mai son ilimin aikin gona ma sau da yawa yakan zaɓe shi.

In yaro ya faɗi, maganar da muka saba ji ita ce, "Ai ba shi da kan lissafi." Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba. Yarinyar da take auna hatsi a kasuwa, ta karɓi kuɗin mutum uku a lokaci guda, ta ba kowa canjinsa daidai, ba za a ce ba ta da kan lissafi ba. Yaron da zai dubi gona ya ce kunya nawa za a samu, ya kuma faɗi kwana nawa mutum huɗu za su yi suna huɗa, shi ma haka. A ganinmu abu biyu ne suka fi ka da 'ya'yanmu a ɗakin jarrabawa, watau agogo da tarko. Dukansu biyu kuwa ana iya koyon maganinsu a ƙauye, kafin ranar ta zo.

Bari mu fara da agogo. An kafa hukumar JAMB a 1978. A 2010 aka haɗa jarrabawar jami'a da ta sauran manyan makarantu ta zama guda ɗaya, daga 2015 kuma aka daina yi da takarda, kowa sai a kwamfuta. Ɗalibi yakan amsa tambayoyi 180: Turanci 60, sa'an nan fannoni uku da ya zaɓa, kowanne 40. Lokacin da ake ba shi awa 2 ne. Ku raba da kanku ku gani: awa 2 sakan 7,200 ke nan, in an raba wa tambayoyi 180, kowace tambaya ta sami sakan 40. Kafin mace ta ja guga ɗaya daga rijiya mai zurfi, lokacin tambaya guda ya wuce.

A makaranta kuwa an koya wa yaro ya rubuta kowane mataki, layi bayan layi, domin malami ya ga hanyar da ya bi ya ba shi maki a kanta. Wannan daidai ne a jarrabawar gama sakandare. Amma kwamfuta ba ta duban hanya. Amsoshi huɗu ne take ajiye maka, A, B, C da D, ɗaya ce gaskiya, abin da take so kawai ka nuna ta. Yaron da ya shiga da halin aji zai yi aiki mai kyau a kan tambayoyi 15, agogo ya rufe shi, sauran 25 ko karanta su bai yi ba. Mai yiwuwa kuwa rabinsu masu sauƙi ne ƙwarai.

Saboda haka shawararmu ta fari ita ce yaro ya raba lokacinsa tun daga gida. Tun da ana iya tsallakawa daga wannan fanni zuwa wancan, ya ba Turanci minti 30, sauran fannoni biyu minti 25 kowanne, ya tanada wa lissafi minti 40. Cikin minti 40 ɗin nan kuma ya bi tambayoyin kamar yadda ake roron wake. Mai roro ba ya tsayawa a kan ɗanye yana jiran ya bushe. Yakan bi gonar duka ya tsince busasshe, ya komo daga baya. Zagayen fari, minti 20, yaro ya amsa duk abin da ya gane da gani ɗaya, wanda ya yi gardama ya rubuta lambarsa a takardar gwaji ya wuce. Zagaye na biyu, minti 15, ya komo kan waɗanda ya san hanyarsu amma suna bukatar aiki. Minti 5 na ƙarshe na kala ne, kada a bar ko tambaya ɗaya babu amsa.

Wannan na ƙarshe yana bukatar bayani, gama akwai jita-jita a kansa. Waɗansu suna tsoratar da yara cewa in sun amsa ba daidai ba za a rage musu maki. Hukumar ta bayyana cewa ba ta rage maki saboda kuskure. Wanda ya bar tambaya ya sami sifiri, wanda ya kuskure ma sifiri, amma wanda ya yi canke yana da rabo ɗaya cikin huɗu. In kuwa ya iya fitar da amsoshi biyu da ya tabbata ba su ba ne, rabonsa ya zama ɗaya cikin biyu. In muka raba maki 100 na lissafi ga tambayoyi 40, kowace tana ɗauke da maki biyu da rabi. Tambayoyi huɗu da aka tsinta ta wannan hanya maki 10 ke nan, sau da yawa kuwa maki 10 ne tsakanin wanda aka ɗauka da wanda aka bari.

Yanzu sai tarko. Mai shirya tambaya ya san kuskuren da yara suka saba yi, sai ya lissafa amsar da kuskuren zai haifar, ya ajiye ta cikin huɗun nan. Yaro ya yi aikinsa da gaggawa, ya ga amsarsa tana nan a allo, ya yi murna ya danna, bai san ya taka tarko ba. Sauri ya haifi nawa.

Ga misali. Mutum 6 sun nome gona cikin kwana 10. Kwana nawa mutum 15 za su yi? Yaron da ya haddace ƙa'ida ba tare da tunani ba zai ninka 15 da 10 ya raba da 6, ya sami 25, kuma lalle zai tarar da 25 tana jiransa. Amma duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san ƙarin hannu ba ya ƙara kwanaki. Aikin na kwanan mutum 60 ne, a raba wa mutum 15, kwana 4. Ko bai lissafa ba, ɗan manomi ya kamata ya jefar da kowace amsa da ta wuce 10 nan take. Abin da muke so a dasa a zuciyar yara ke nan: kafin ka taɓa fensir, tambayi kanka, amsar nan babba za ta zama ko ƙarama? Wajen nawa za ta kai?

Wannan ƙiyasi dai shi ne abin da kowane manomi yake yi sa'ad da ya dubi damin dawa ya ce mudu kaza zai fita. In an ce a ninka 49.7 da 0.203, aka ba da 0.1009, da 1.009, da 10.09, da 100.9, babu bukatar doguwar ninkawa. Lamba ta fari kusan 50 ce, ta biyu kusan ɗaya bisa biyar, ɗaya bisa biyar na 50 kuwa 10 ne. Amsa ta fito cikin sakan biyar, sauran sakan 35 sun zama jari domin wata tambaya mai wuya. Akwai ƙaramar kalkuleta a allon kwamfutar, ba a kuwa yarda a shiga da ta hannu ba, haka ma waya da agogon hannu. Amma yaron da yake buɗe kalkuleta domin 7 sau 8 yana zubar da lokacinsa ne kawai.

Tarkon da ya fi kama mutane, manya da yara, shi ne na kashi cikin ɗari. A ce ƙungiya ta sayi buhu a kan N40,000 ta sayar N50,000. Ribar N10,000 ce. Kashi nawa ke nan? Ana auna riba da kuɗin saye ne, ba da kuɗin sayarwa ba, saboda haka kashi 25 ne cikin 100. Amma kashi 20 za ta kasance a cikin amsoshin domin wanda ya raba da 50,000. To, a ce farashin ya hau da kashi 25, daga baya ya sauka da kashi 25. Mutum zai rantse cewa an koma N40,000. Ba haka ba ne. Kashi 25 na N50,000 shi ne N12,500, saura N37,500. Duk wanda ya taɓa ajiye hatsi yana jiran tsada, kasuwa ta faɗi a kansa, ya san wannan a jikinsa ko da bai san sunansa a littafi ba.

Akwai wata dabara da take warware irin waɗannan tambayoyi da sauri, watau yaro ya sa tasa lambar inda ba a ba da lamba ba. An ce farashi ya sauka da kashi 20, da kashi nawa zai hau kafin ya koma yadda yake? Ka ɗauka farashin 100 ne. Ya sauka zuwa 80. Yana bukatar 20 ya koma, 20 kuwa rubu'in 80 ne, watau kashi 25. Ko kuma a ce babur ya tafi kasuwa da gudun kilomita 30 a awa, ya komo da kaya da gudun kilomita 20 a awa, mene ne matsakaicin gudunsa? Ido zai ce 25. Ka ɗauka nisan kilomita 60 ne, gama 60 tana rabuwa da 30 da kuma 20. Zuwa awa 2, komowa awa 3. Kilomita 120 cikin awa 5, amsa 24.

Dabarar da muka fi so duka, wadda kuma ba a cika koyar da ita a aji ba, ita ce a fara daga amsa a komo baya. Tun da amsar gaskiya tana nan a allo, me zai hana a gwada ta? Manomi yana da kaji da awaki, kawuna 30, ƙafafu 84. Awaki nawa ne: 10, ko 12, ko 14, ko 16? Hanyar makaranta ita ce a kafa jimloli biyu na aljabara a warware su tare. Hanyar gwaji kuwa, ka ɗauki ɗaya daga na tsakiya. Awaki 14 ƙafafu 56, kaji 16 ƙafafu 32, duka 88. Ya yi yawa, saboda haka 14 da 16 sun fita tare. Gwada 12: ƙafafu 48, kaji 18 ƙafafu 36, duka 84. Shi ke nan. Dalilin farawa daga tsakiya shi ne, ko ba ka dace ba, gwaji guda zai nuna maka ko sama za ka nufa ko ƙasa. Haka nan in an ba da 2x² − 7x + 3 = 0, yaro ya manta ƙa'idar warware ta, kada ya tsaya yana cizon fensir. Ya sa 3 a madadin x: 18, a ɗebe 21, a ƙara 3, sifiri. Ta zauna. Duk amsar da babu 3 a cikinta ta fita.

Mun san waɗansu malamai za su ɓata rai da wannan, su ce wayo ne ba ilimi ba. Suna da gaskiya ta gefe guda. Yaron da bai san abin da ake nufi da x ba, babu dabarar da za ta cece shi, kuma in ya shiga jami'a da wayo kaɗai, shekarar fari za ta tona masa asiri. Manhajar lissafin JAMB kashi biyar ce: lambobi, aljabara, awon siffofi da kusurwoyi, kalkulus, da ƙididdiga. Dole a karanta su duka. Amma gwada amsa a ga ko ta zauna ba zamba ba ce, lissafi ne sosai. Magini in ya kafa harsashin ɗaki yakan auna 3 a wannan gefe, 4 a wancan, ya ja igiya ya ga ko tsakaninsu 5 ne, kafin ya yarda kusurwarsa ta miƙe. Ba wanda ya taɓa ce masa ɗan wayo.

Wannan 3, 4, 5 na magini ma yana daga cikin abubuwan da ya kamata yaro ya riƙe a ka, gama yakan fito a tambayoyin alwatika. Tsani mai tsawon mita 5 an jingina shi da rumbu, gindinsa mita 3 daga jikin rumbun, tsayin da ya kai mita 4 ne, ba sai an lissafa ba. Ɗan'uwansa shi ne 5, 12, 13. Ya haddace ninkin kowace lamba da kanta daga 1 zuwa 25. Ya san ɗaya bisa takwas kashi 12.5 ne cikin 100. Duk tambayar da ta ambaci tsani, ko inuwa, ko tafiya gabas sa'an nan arewa, ya zana ta a takarda kafin komai. Ya kuma lura da ma'auni, gama mita da santimita sukan zo cikin tambaya ɗaya. Mu kanmu mun san wannan: shukar masara santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 25 tsakanin rami da rami, sai an mayar da su 0.75 da 0.25 na mita kafin a raba murabba'in mita 10,000 na hekta, a sami wajen rami 53,333. Abu na ƙarshe, kafin ya danna ya sake karanta layin ƙarshe na tambayar. Yaro yakan sha wahala ya samo x, alhali kuwa 2x + 1 aka tambaya.

To, ina ruwan ƙungiya da wannan duka? Ruwanta ne sosai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗannan dabaru ba a koyonsu da ji, sai da yi, sai kuma da agogo a gaba. Akan yi rajista a farkon shekara, jarrabawar kuwa a 2024 da 2025 an fara ta a watan Afrilu. Watau watannin rani, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi, su ne lokacin shiri. Uba ɗaya ba lalle ya iya sayen littafin tambayoyin shekarun baya ba, amma ƙungiyar da take sayen taki buhu hamsin ba za ta kasa sayen littattafai uku da agogon bango ba. A tara yaran da za su zauna jarrabawa sau biyu a mako, a ba su tambayoyi 40, a buga ƙararrawa bayan minti 40, ko an gama ko ba a gama ba. Mai tsaron agogo ba sai ya san aljabara ba. Bayan haka su zauna tare su bi kowane kuskure, kowa ya faɗi dalilin nasa: rashin sani ne, ko tarko, ko lokaci? Gama maganin kowanne dabam yake. A nemi malamin sakandare ko ɗalibin jami'a da ya zo hutu ya taimaka da na rashin sani, musamman kalkulus, wanda makarantu da yawa ba sa kaiwa gare shi kafin shekara ta ƙare.

Sa'an nan a ba yara littafin ƙungiya su taɓa. Ma'aji ya zaunar da su su lissafa rabon taki, da kuɗin ruwan bashi, da ribar kowane mamba bisa ga jarinsa. A tambaye su sinadarin naitirojin kilo nawa ne a buhun NPK 15-15-15 mai kilo 50, su gano kilo 7.5 ne, a buhun yuriya kuwa mai kashi 46 cikin 100, kilo 23 ne. Sa'an nan su faɗa wa taro wanne ya fi araha a farashin ranar. Wannan tambayar JAMB ce sak, sai dai a nan kuɗin gaske ne a ciki, kuma dattawa za su amfana da amsar.

Kada mu manta da kwamfutar kanta. Yaron da bai taɓa zama a gabanta ba zai ɓata minti goma na fari yana rawar hannu. Abin ba wuya: ana iya danna A, B, C ko D domin amsa, N domin tambaya ta gaba, P domin komawa baya. Tun daga 2017 hukumar takan shirya jarrabawar gwaji kafin ta ainihi, ga wanda ya nuna yana so lokacin rajista. Kuɗin motar wannan rana bai ɓaci ba. Wanda ya ɓaci shi ne wanda ake miƙa wa masu cewa za su sayar da amsa ko su ƙara maki. Yawancinsu 'yan damfara ne, in kuwa an kama yaro da maguɗi, hukumar takan soke sakamakonsa.

Muna roƙon iyaye mata da maza abu guda kuma. Makonni shida na ƙarshe sukan faɗo daidai lokacin sharar gona da kai taki, a waɗansu wuraren ma ruwan fari ya riga ya sauka. A ɗauke wa mai jarrabawa awa biyu na safe, sa'ad da kansa yake sabo. 'Yan mata sun fi bukatar wannan, gama su ne ake aika rijiya da niƙa da surfe, sai dare ya yi a ce su ɗauki littafi. In ƙungiya tana iya yin gayya domin gonar mamban da ya kwanta ciwo, tana iya yi domin gidan da yake da 'yan jarrabawa biyu.

Ga tambaya guda ku gwada a taronku na gaba, manya da yara tare, sakatare ya riƙe agogo ya ba da minti ɗaya. Mutum yana da waya mai tsawon mita 40, yana so ya kewaye lambu mai kusurwa huɗu a jikin doguwar katanga, watau gefe uku kaɗai zai ja waya. Fili mafi girma da zai iya samu murabba'in mita nawa ne: 100, ko 150, ko 200, ko 400? Wanda ya karanta kalkulus yana da hanyarsa. Wanda bai karanta ba ya gwada: faɗi 5 tsawo 30 ya ba da 150, faɗi 10 tsawo 20 ya ba da 200, faɗi 15 tsawo 10 ya komo 150. Amsar 200 ce. Wanda ya ce 100 ya manta da katangar.